Shekarar da Yaya Malam Ya Binne Littafin Baba

Da sunan Allah zan buɗe wannan babi, don maganar da ke cikinsa ta mamata ce, kuma ba sa nan balle su kare kansu. Abin da ya sa na ɗauko ta, ran sunan ɗan 'yata Hadiza ina zaune a ɗaki sai na ji wata yarinya cikin jikokin ƙanena Sani tana gaya wa ƙawarta wai da gidanmu gidan ilmi ne, sai wani kakansu ya haƙa rami ya binne littattafan. Tana faɗa tana dariya, bakinta cike da waina. Ba laifinta ba ne, haka ta tashi ta ji ana faɗa. Wanda take nufi yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Hamza, wanda mu ba mu taɓa kama sunansa ba sai dai Yaya Malam. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi, ku 'ya'yana da nasa da na Sani.

Gidanmu na nan Dutse, a gindin duwatsu, inda kuka san shi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malami ne na manya, ba na yara ba. Waɗanda ke zuwa zaurensa masu gemu ne, wasu limamai ne a ƙauyukansu, daga Kiyawa da Miga har daga wajen Haɗeja. Abin da ke kawo su rabi Baba ne, rabi kuma wani ɗan soro da ke jikin turakarsa, inda littattafai suke. Duk wanda wata mas'ala ta shige wa duhu nan yake zuwa ya duba, wanda kuma ke son nasa littafin sai ya ara ya je ya juya, wato ya rubuta irinsa da hannunsa, ya dawo da shi. Ku da kuka tashi da littafi ɗinkakke sai na yi muku bayani: namu ba a ɗinke suke ba. Warƙa ce bisa warƙa, wato falle kan falle, sako-sako, a sa tsakanin fata biyu a ɗaure, a zura cikin gafaka. In iska ta shigo ka yi sakaci, to ranar ka samu aiki. A lokacin Nasara ba su daɗe da cin Kano ba, malamai da yawa sun tashi sun yi gabas, kuma kusan duk wanda zai tashi sai ya sauke wa Baba abin da jakinsa ba zai iya ɗauka ba. Soron ya cika har bakin ƙofa, gafaka kan gafaka, wasu a rataye, wasu a ƙasa. Baba kaɗai ya san inda komai yake, shi ma da lalube, don idonsa ya fara tafiya.

Ni a shekarun nan ina gida ina zawarci, da Hadiza a goye. Da yake Baba ya karantar da ni tun ina ƙarama, ni na zama idonsa. Da hantsi in shimfiɗa tabarma a ƙofar turaka in riƙa karanta masa, yana gyara mini, ina gardama, don ni tun asali ba a bar ni da bakin shiru ba. Abin da ya fi sa ni karantawa shi ne wanda muke kira littafin Baba kawai. Babban littafin fikihu ne da ya juya da hannunsa tun yana saurayi, ya bar fili mai faɗi a gefen kowace warƙa. Rubutun tsakiya kowane malami yana da irinsa. Amma gefen, nan Baba yake. Duk tambayar da aka taɓa kawo masa, ta gado ce ko ta iyakar gona ko ta rijiyar tarayya, in ya warware ta sai ya rubuta a gefe da ƙaramin rubutu, ya faɗi inda ya samo da wanda ya ji daga bakinsa. Aikin rayuwarsa ke nan gaba ɗaya, kuma babu irinsa na biyu a ko'ina. Da ciwon ajali ya kwantar da shi cikin damina, ya ce a ajiye masa littafin wajen kansa. Rufin turakar na yoyo ta wannan kusurwa, mun gani, amma ba wanda ya iya ɗauke shi daga inda ya ce a sa. A nan ya zauna har Baba ya cika, kuma bayan rasuwar aka mayar da shi soro cikin 'yan'uwansa ba tare da an buɗe ba.

Bayan sadakar arba'in Baffa, ƙanen Baba, ya tara mu don rabon gado: Inna mahaifiyarmu, da Yaya Malam, da ni, da Sani. Abin da Baba ya bari ba shi da yawa in ka cire biyu, gonar dabino da ke bayan gari, da soron nan. Al'adar gidajen malamai a wancan lokaci, in littafi babba ne mai albarka, ba a ba mutum ɗaya. Tunda warƙoƙi ne sako-sako, sai a kasa shi, kowa ya ɗauki kashinsa ya kai ɗakinsa don tabarruki. Haka aka yi wa littattafan kakanmu, shi ya sa har yau akwai gidan da ke da farkon littafi, ƙarshensa na wani gari. Baffa ba mugunta yake nufi ba, adalci yake so. Sani kuwa ɗan kasuwa ne, bai yi nisa a karatu ba, amma yana son ubansa kamar kowa, yana so ya ce ga rubutun Baba a ɗakinsa. Yaya Malam mutum ne mai sanyin magana, har mukan tsokane shi da cewa kafin ya gama sallama baƙo ya sha ruwa ya tafi. Ranar ya bari kowa ya gama, sannan ya ɗago kai.

"Baffa, a gafarce ni. In aka raba dabino, kowane gindi zai ci gaba da haihuwa a hannun mai shi. In aka raba littafi, ba wanda ya samu littafi. Na bar wa Sani rabona na gona duka, a bar mini soron yadda yake."

Baffa ya yi ta ja masa kunne. Ya tuna masa yana da iyali, ya ce zamani ya juya, ana ma cewa littattafan ɗab'i na Masar za su riƙa shigowa Kano, wa zai kula da rubutun hannu nan gaba. Yaya Malam ya ce ya ji, ya gode, amma yana nan kan bakansa. Sani ya yi ta ƙi don kunya kafin ya karɓa, wannan ku rubuta shi a zuciyarku, bai ƙwaci komai ba. Da aka zo kaina na ce na bar nawa kason na littattafai, amma da sharaɗi: ba za a taɓa hana ni shiga soron ba, ko na yi aure a bayan duniya. Yaya Malam ya yi murmushi ya ce ai ko an hana ni ma shiga zan yi.

Da kaka ta wuce ƙasa ta bushe, ya fara fito da kaya. Akwai wani falalen dutse a bayan gidanmu, nan muke shimfiɗa tabarmi da safe mu baza, muna danne warƙoƙi da tsakuwa. Abin da muka gani ya tsinka mana zuciya. Gara ta hau ta bango ta cinye gindin gafakan da ke ƙasa. Wasu sun yi fumfuna sun manne, wasu kuma wani ɗan ƙwaro ya huda su tun daga fatar sama har ta ƙasa, in ka ɗaga warƙa sai gari ya zubo. Littattafan waɗanda suka yi gabas sun cakuɗe da namu, ba a san na wane da wane ba. A nan na ga irin aikin Yaya Malam, kuma har yau ban ga mai haƙurinsa ba. Masu juya littafi suna da wata dabara, a gindin kowace warƙa sukan rubuta kalmar da za ta buɗe ta gaba. Da wannan ya riƙa bi yana mayar da kowace warƙa gidanta, wani lokaci ya yini yana neman guda ɗaya. Ya kira baduku ya ɗinka sababbin maɗauri masu launi: ja na fikihu, kore na tafsiri da hadisi, baƙi na nahawu da lugga, rawaya na waƙoƙi, fari kuma na amanar mutanen gabas, don in sun dawo a miƙa musu nasu. Ko matarsa da ba ta karatu, in ya ce miƙo mini na uku cikin jajaye, za ta miƙo. Ya sa aka yi sabon rataye daga azara, ba abin da ya ƙara taɓa ƙasa ko bango, aka zuba toka a gindin ginin, aka cuccusa ganyen ɗoɗɗoya tsakanin gafakai.

Kashi uku yake yi wa duk abin da ya ɗauka, kuma sunayen da ya ba su sun zauna a bakinmu: masu lafiya, masu jinya, da waɗanda suka cika. Masu lafiya su koma soro. Masu jinya a kai su wani ɗaki daban, a riƙa shanyawa ana kakkaɓewa har a tabbata ƙwaron ya fita. Waɗanda suka cika kuwa su ne waɗanda ba sa karantuwa, ko kuma ƙwaro ya yi gida a cikinsu yadda ba ya fita, in aka bar su sai sun kashe na kusa da su. Takarda mai sunan Allah ba a jefar da ita a juji, sai dai a naɗe ta a binne a wuri mai tsarki inda ba a takawa. Duk wanda zai sa a wannan kashi sai ya juya shi ya sake juyawa, ya tambayi kansa ko akwai irinsa a soro ko a hannun wani malami da ya sani. Ni na fi shi saurin yanke hukunci, nakan ce Yaya wannan ai ya mutu tun zamanin kakanmu, shi kuma ya ce in bari ya ƙara dubawa.

Littafin Baba ya bari a ƙarshe, ina jin don yana tsoro. Ranar da ya kwance shi ina gefensa. Danshi da ƙwaro daga baki suke fara ci, su nufi ciki. Rubutun tsakiya, wanda kowa ke da shi, yana nan garau a mafi yawan warƙoƙin. Gefen ne ya tafi. Wani wuri rabin layi, wani wuri kalma biyu, wani wuri in ka taɓa sai ya marmashe a yatsanka. Ƙwarin kuma a raye suke, farare ƙanana, suna motsi cikin ramukansu. A nan ne gidansu, daga nan suka bazu cikin soron. Ni na fashe da kuka, ba na ɓoye muku. Yaya Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaure shi ya kai ɗakin masu jinya. Ya shanya shi, ya yi masa hayaƙi, ya bi shi warƙa warƙa da gashin kaza, amma duk lokacin da ya buɗe sai ya tarar da sabon gari. Daga ƙarshe ya shiga wajen Inna ya durƙusa ya gaya mata cewa zai juya abin da ya saura a sabuwar takarda, sannan kafin ruwan farko ya sauka dole a binne tsohon, don in danshi ya dawo yana gidan, sauran ma ba za su tsira ba.

Inna ba ta karatu, amma ta san littafin nan fiye da mu. Tun tana amarya take ganin Baba sunkuye a kansa, ita ke dafa masa tawada.

"Ka ba da gonar ubanka don littafi, na yi shiru," in ji ta. "Yanzu kuma littafin za ka sa a rami? Kawo shi ɗakina. Ni ba na tsoron ƙwaro."

Ya ce mata ɗakinta bango ɗaya ne da soron. Ta juya masa baya. Tun daga ranar in ya zo gaisuwa da safe sai ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri, shi kuwa bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Magana ta fita gari, kuma kun san yadda magana take in ta fita. Kafin ta kai kasuwa ta zama wai zai binne soron duka.

Takarda a shekarun nan wuya take, ayarin da ke kawo ta ta hamada ya ja baya. Rigarsa ta aure ya bayar aka kawo masa daga Kano. Ana cikin haka alƙalin gari ya aiko yana so ya zo ya zauna masa muhuti, mai duba masa hukunci a littafi, aikin da a sabon tsarin Nasara yake da albashi. Yaya Malam ya ce a yi masa haƙuri sai bayan damina. Ba su jira ba, suka ɗauki wani, kuma ba a sake yi masa tayi ba har ya bar duniya. Matarsa ta yi kuka, kuma ban ga laifinta ba. 'Ya'yansa sun tashi suna cin dabino na kyauta daga gonar da da ta ubansu ce, ko da yake Sani bai taɓa bari sun roƙa ba.

Da ya gama juya abin da ke karantuwa, sai ya ɗauki sanda da gafaka ya shiga bin ɗaliban Baba. Cikin zafin bazara ya taka zuwa Kiyawa, ya dawo, ya nufi Miga, ya wuce ƙauyukan da ke hanyar Haɗeja. Duk wanda ya samu sai ya karanta masa rabin layin da ya saura, ya tambaye shi ko ya taɓa juya wannan wuri a nasa littafin, ko ya ji Malam ya faɗa. In ya samu a rubuce, ya cika da baƙar tawada. In a ka mutum ya riƙe, ya cika da ja, ya sa sunan wanda ya faɗa. Ya dawo ya rame, ƙafarsa duk faso, amma fuskarsa a sake, don ya samo fiye da yadda muka zata. Ni ma ya zaunar da ni kamar sauran, tunda ni na yi wa Baba karatun ƙarshe, kuma ina alfahari da cewa akwai jan rubutu da sunana a littafin nan ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Akwai wuri guda da ya tsaya mana, kan dabinon da gindinsa ke gonar wani, 'ya'yansa na zuba a gonar maƙwabci. Farkon maganar Baba na nan, ƙarshenta ƙwaro ya cinye. Na ce na san shi, na faɗa masa tiryan-tiryan. Ya ɗauki alƙalami, sai kuma ya tsaya.

"Kin gani a warƙar, ko kin ji daga bakinsa?"

Na yi ta tunani. Gaskiya ban sani ba, ta yiwu ma daga bakin shi Yaya Malam na taɓa ji. Na ce masa amsar dai daidai ce, shi ma ya san daidai ce, ya rubuta mana mu wuce.

"Daidai ce," ya ce. "Amma ban san ko tasa ce ba. In na sa masa abin da bai faɗa ba, gobe wani zai yanke wa mutane hukunci ya ce in ji Malam."

Ya ajiye alƙalamin ya bar wurin fari. Na yi fushi ranar, na ce masa taurin kansa ya fi dutsen bayan gida. Yanzu da na tsufa, in na buɗe littafin na ga waɗannan filaye, su ne abin da ya fi sa in yarda da sauran rubutun. Da iliminsa zai iya cike su duka cikin yini guda, ba kuma wanda zai gane.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas lokacin da ya gama. Ya zaɓi wani lungu tsakanin duwatsu biyu a bayan gida, inda ko akuya ba ta bi, shi da Sani suka haƙa rami da safe. Sani ne ya riƙe magirbi, wannan ma a gaya wa jikokinsa. Abin da aka binne ɗan kaɗan ne cikin abin da ke soron: tarkacen da ba ya karantuwa, da littafin Baba a sama. Sauran duk suna nan, su ne waɗanda malamai ke zuwa dubawa har yau. Yaya Malam ya yi alwala, ya fito da littafin a hannu biyu, ya shimfiɗa wani tsohon rawaninsa zai naɗe shi, don ba shi da wani farin ƙyalle da ya rage. Ni ina tsaye a bakin ƙofar baya da Hadiza, sai na ji motsi a bayana.

Inna ce, ta fito da wani ƙunshi a hammata. Na san shi, kowa a gidan ya san shi: farin saƙi ne da ta kaɗa zarensa da hannunta, ta ba masaƙa, ta ajiye a ƙasan tukunyar kayanta don ranar da za a naɗe ta. Ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta je ta tsaya a kan Yaya Malam. Ta sa ƙafa ta ture rawanin gefe.

"Da wannan tsumma za ka sallami ubanka?"

Ta warware likkafaninta a kan tabarma, ta karɓi littafin daga hannunsa, ta sa a tsakiya ta naɗe da kanta, a hankali, tana gyara kusurwoyi. Yaya Malam ya ce, Inna, naki ne fa. Ta miƙa masa ƙunshin tana dubansa, kuma rabonta da ta dubi idonsa tun ranar da ya durƙusa a ɗakinta.

"Ni kwa nemo mini wani," ta ce, sannan ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro. "Sa shi a hankali, Babana, kada ka bari ƙasa ta taɓa shi."